Gidan Dambe a Inuwar Ƙwallo: Tarihin Sashen Dambe na Ƙungiyar Sao Paulo ta Birazil

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ƙura wa tambarin ƙungiyar wasanni ta Sao Paulo ido, a ƙasar Birazil, zai ga taurari biyar a samansa, uku jajaye, biyu masu ruwan zinariya. Jajayen uku na tuni ne da kofunan duniya na ƙungiyoyi da 'yan ƙwallonta suka ci a 1992 da 1993 da 2005. Biyun nan masu ruwan zinariya kuwa ba ruwansu da ƙwallo. An sa su ne don girmama Adhemar Ferreira da Silva, gwanin tsalle mai taki uku, wanda ya kafa sabon tarihi na duniya a Helsinki a 1952, ya sake kafa wani a birnin Meziko a 1955. To, amma akwai wani ɗan ƙungiyar da sunansa ya zagaya duniya kamar na Adhemar, wato ɗan dambe Eder Jofre. A sashen dambe na ƙungiyar ya tashi, ya kuma ci kambin duniya a aji biyu daban-daban, duk da haka ba shi da tauraro a wannan tambari.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tarihin wannan sashe na dambe, sannan ta nuna cewa rashin tauraron Jofre ya dace da yadda damben sana'a yake a ko'ina. Ƙungiya mai wasanni da yawa tana iya rainon ɗan dambe tun yana yaro har ya kawo ƙarfi, amma ranar da ya fara dambe don kuɗi, nasararsa ta fita daga hannunta, ta koma tasa shi kaɗai da waɗanda suke juya kasuwar.

2.0 Bayanin Wasu Kalmomi

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi aiki da su. Damben da ake magana a kansa a nan shi ne damben zamani, wanda ake yi da safar hannu a hannu biyu, a kan dandali mai kusurwa huɗu da aka kewaye da igiya, bisa dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867. An aro kalmar "turmi" daga damben gargajiya don nufin kowane zagaye na minti uku. Za a kira damben da ba a biyan lada a kansa "damben sha'awa", wanda ake yi don neman abinci kuma "damben sana'a". A zamanin da muke nazari, turmi uku ake yi a damben sha'awa, amma karawar neman kambin duniya turmi goma sha biyar ce. Sai a shekarun 1980 aka rage ta zuwa goma sha biyu.

Ana raba 'yan dambe aji-aji gwargwadon nauyinsu. Aji biyu ne suka shafe mu. Na farko iyakarsa kilo 53.5, Turawan Ingila suna kiransa da sunan bantam, wato wata irin ƙaramar kaza mai zafin faɗa. A harshen Fotugis, wanda ake yi a Birazil, sunan ajin "peso-galo", ma'ana nauyin zakara. Daga nan Jofre ya sami laƙabin "Galo de Ouro", wato Zakaran Zinariya. Mai jin Hausa zai lura da wata dacewa a nan, domin a Hausa "zakara" sunan namijin kaza ne kuma sunan gwanin da ya fi kowa ne, alhali a Fotugis ajin nauyi ne aka laƙaba wa sunan. Aji na biyu iyakarsa kimanin kilo 57, ana kiransa nauyin gashin tsuntsu. Shi ne ajin da Hogan Bassey na Nijeriya ya riƙe kambinsa na duniya daga 1957 zuwa 1959.

3.0 Asalin Ƙungiyar

Takaddama tsakanin wasan sha'awa da wasan sana'a tana nan tun daga tushen ƙungiyar Sao Paulo. A ƙarshen shekarun 1920, wata ƙungiya ta masu hali mai suna Paulistano ta rufe sashenta na ƙwallo, saboda shugabanninta ba su yarda a riƙa biyan 'yan wasa ba. Waɗansu daga cikin 'yan wasanta da magoya bayanta suka haɗu da na wata ƙungiya, suka kafa Sao Paulo ranar 25 ga Janairu, 1930. Bashi ya durƙusar da ita a 1935, aka sake kafa ta ranar 16 ga Disamba na wannan shekara. A halin nan kuwa ƙwallo ya riga ya zama sana'a a hukumance a Birazil tun 1933.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci abin da ake nufi da "ƙungiya" a Kudancin Amurka. Ba ayarin 'yan ƙwallo goma sha ɗaya kawai ba ce. Taro ne na mambobi masu biyan kuɗin wata, suna zaɓen shugabanninsu, suna da fili da gine-gine inda iyalansu ke zuwa motsa jiki da hutawa. Saboda haka a ƙarƙashin tuta ɗaya za a tarar da ƙwallon ƙafa, da guje-guje da tsalle-tsalle, da ƙwallon kwando, da iyo, da dambe. A farkon shekarun 1940 Sao Paulo ta sami fili a unguwar Caninde, wannan ya ba ta damar faɗaɗa sassan wasannin sha'awa. Daga sashen guje-guje da tsalle-tsalle Adhemar ya fito, a hannun wani mai horarwa Bajamushe, Dietrich Gerner. Wannan Adhemar shi ne daga baya ya yi aikin jami'in al'adu a ofishin jakadancin Birazil da ke Legas daga 1964 zuwa 1967.

Abin lura shi ne ƙwallo kaɗai ke kawo kuɗin shiga mai yawa. Sauran sassan duk da guminsa suke rayuwa, abin da suke mayar wa ƙungiya kuwa shi ne suna da lambobin yabo a gasannin jiha da na ƙasa.

4.0 Sashen Dambe da Gidan Jofre

Tarihin sashen dambe na Sao Paulo kusan tarihin gida ɗaya ne. Jose Aristides Jofre, wanda aka fi sani da Kid Jofre, mutumin Ajantina ne da ya yi ƙaura zuwa Birazil. Ya ɗan taɓa dambe, sannan ya koma koyarwa. Ya auri Angelina Zumbano, 'yar wani gida mai asali daga Italiya wanda dambe ya zama masa gado. 'Yan'uwanta maza da dama 'yan dambe ne, ɗaya daga cikinsu, Ralph Zumbano, ya wakilci Birazil a wasannin Olamfik na Landan a 1948. Kid Jofre shi ne ya riƙe gidan horon dambe na ƙungiyar Sao Paulo a tsakiyar birni, kuma a hannunsa 'yan damben ƙungiyar suka mamaye gasar sha'awa ta jihar shekaru da dama a jere cikin shekarun 1940 da 1950.

Yana da kyau a duba yadda aikin ya rabu tsakanin ɓangarorin. Ƙungiya ita ke samar da ɗaki, da dandali, da buhunan naushi, da safar hannu, da albashin mai horarwa, ita ce kuma ke yi wa yara rajista a hukumar dambe ta jiha. Mai horarwa shi ke da ilmin, shi yara ke bi, shi iyaye suka amince wa. Yaran kuwa galibi 'ya'yan talakawa ne daga unguwannin ma'aikata, waɗanda ba don damben ba da wuya su taka harabar ƙungiyar. Jaridu su ma suna da nasu rabon: jaridar wasanni ta A Gazeta Esportiva ita ce ke shirya gasar sababbin 'yan dambe da aka sani da "Forja de Campeões", wato Maƙerar Zakaru, inda gidajen horo ke gwada ƙarfinsu kowace shekara.

An haifi Eder Jofre ranar 26 ga Maris, 1936, ya tashi a unguwar Parque Peruche da ke arewacin birnin Sao Paulo. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa gidan horo. Zane ne ya fi ba shi sha'awa da fari, har ya yi karatun zanen gine-gine, amma ɗan da aka haifa tsakanin gidan Jofre da gidan Zumbano da wuya ya tsere wa safar hannu. A 1953 ya ci gasar Maƙerar Zakaru da sunan ƙungiyar Sao Paulo. A 1956 ya tafi wasannin Olamfik na Melbourne, a ƙasar Ostareliya, inda Claudio Barrientos na ƙasar Chile ya fitar da shi a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A wannan wasanni ne Adhemar ya ci lambar zinariyarsa ta biyu. Har zuwa wannan lokaci, duk abin da Eder ya ci a gida a littafin ƙungiya ake rubuta shi.

5.0 Daga Sha'awa Zuwa Sana'a

A watan Maris na 1957 Eder ya yi karawarsa ta farko ta sana'a. Mai horar da shi bai canja ba, mahaifinsa ne, kuma shi kansa bai taɓa daina kiran kansa ɗan Sao Paulo ba. Abin da ya canja shi ne tsarin da yake dambe a cikinsa.

A ƙwallon ƙafa, ko da an mayar da shi sana'a, ƙungiya ce ke shiga gasa. Ita ke ɗaukar ɗan wasa aiki, ita ke sayar da tikiti a ƙofar filinta, kuma idan an ci kofi a ɗakinta ake ajiye shi. Ɗan wasa ya tafi, kofi na nan. Damben sana'a ba haka aka gina shi ba. Babu gasar shekara-shekara da ƙungiyoyi ke shiga. Kowace karawa ciniki ce mai zaman kanta. Akwai mai shirya karawa, wanda ke kama zaure, ya buga talla, ya ɗauki asara ko riba. Akwai wakilin ɗan dambe, wanda ke yin ciniki a madadinsa ya cire kasonsa. Akwai kuma hukumomin da ke jera 'yan dambe bisa cancanta, su ce wane ne zakara: hukumar NBA ta Amurka da aka kafa a 1921, wadda ta koma WBA a 1962, da hukumar WBC da aka kafa a birnin Meziko a 1963. A duk wannan jerin babu gurbin ƙungiya. Kambi da sunan mutum ake rubuta shi, in an doke shi kuma ya koma ga wanda ya doke shi, ko daga wace ƙasa yake.

Bugu da ƙari, dokar Olamfik ta wancan zamani ta haramta wa ɗan sana'a komawa gasar sha'awa, ba a sassauta wannan a dambe ba sai a 2016. Ke nan, daga ranar da Eder ya karɓi ladan farko, ƙungiyarsa ta rasa gwaninta a gasannin da take shiga. Ta wannan fuska, sashen dambe ya fi kama da makaranta da a ce ayarin wasa ne: ɗalibin da ya fi hazaƙa shi ne yake fara barin aji.

6.0 Zamanin Zakaran Zinariya

A watan Fabrairu na 1960 Eder ya ci kambin Kudancin Amurka daga hannun Ernesto Miranda na Ajantina, wanda suka taɓa yin kunnen doki da shi har sau biyu a 1957. Daga nan ya wuce Los Angeles, inda kasuwar ƙananan aji take ci saboda yawan mutanen Meziko masu son dambe. A watan Agusta ya kayar da Jose Medel a turmi na goma. Ranar 18 ga Nuwamba, 1960, ya kayar da Eloy Sanchez a turmi na shida, ya zama ɗan Birazil na farko da ya ci kambin dambe na duniya. Ranar 18 ga Janairu, 1962, a zauren Ibirapuera da ke Sao Paulo, ya doke John Caldwell na Belfast, wanda hukumomin Turai suke ɗauka zakara, a turmi na goma. Da haka kowa ya sallama masa.

Sau takwas ya kare kambin, kuma babu ko ɗaya daga cikin masu ƙalubalantarsa da ya kai ƙarshen turmi goma sha biyar. Jerin wuraren da aka yi karawar kaɗai ya isa ya nuna inda ikon yake: Rio de Janeiro, Caracas, San Francisco, Tokyo, ƙasar Filifin, Bogota, da Sao Paulo. Inda aka fi ba da kuɗi nan ake zuwa.

Ita kuwa ƙungiyar, a daidai wannan lokaci hankalinta da dukiyarta suna wani waje. Ta sayar da filin Caninde a tsakiyar shekarun 1950, ta zuba abin da take da shi a ginin katafaren filin ƙwallo na Morumbi. An buɗe wani ɓangarensa ranar 2 ga Oktoba, 1960, ƙasa da wata biyu kafin nasarar Eder a Los Angeles, ba a kammala shi ba sai a 1970. Ginin ya cinye kuɗin sayen 'yan wasa, har ta kai daga 1957 ƙungiyar ba ta sake cin kofin jiha ba sai a 1970. A cikin waɗannan shekaru na fari, Eder Jofre yana daga cikin abubuwan da magoya bayanta suke tunƙaho da su. Zamani ne kuma da Birazil take tashe a fannoni da yawa: ta ci kofin ƙwallo na duniya a 1958 da 1962, ta ci na ƙwallon kwando a 1959 da 1963, Maria Esther Bueno kuma ta ci gasar Wimbledon a 1959 da 1960 da 1964.

A watan Mayu na 1965, a birnin Nagoya na Japan, Masahiko Harada ya karɓe kambin da maki, bayan ra'ayin alƙalai ya rabu. Rage nauyi zuwa kilo 53.5 ya riga ya zama wa Eder azaba. Suka sake karawa a Tokyo a 1966, Harada ya sake yin nasara. Waɗannan biyu su ne kaɗai karawar da aka taɓa cin Eder a duk rayuwarsa ta sana'a.

7.0 Dawowa da Rufe Littafi

Eder ya ajiye safar hannu, sannan ya dawo a 1969 a ajin da ke sama. Ranar 5 ga Mayu, 1973, yana da shekara 37, ya doke Jose Legra, haifaffen Cuba mai wakiltar Sifen, a birnin Brasilia, ya ci kambin WBC na nauyin gashin tsuntsu. A watan Oktoba na shekarar ya kare shi a Salvador, inda ya kayar da Vicente Saldivar na Meziko a turmi na huɗu. A 1974 hukumar ta ƙwace kambin saboda bai kare shi cikin wa'adin da ta ɗiba ba. A wannan shekara ce kuma Kid Jofre ya rasu. Eder ya yi ritaya ta ƙarshe a 1976, da nasara 72, 50 daga cikinsu da kayarwa, da faɗuwa 2, da kunnen doki 4.

Daga baya ya shiga siyasa, ya yi shekaru yana ɗan majalisar birnin Sao Paulo. A 1992 aka shigar da sunansa zauren karrama manyan 'yan dambe na duniya da ke Canastota, a Amurka. A 2018 aka yi fim a kan rayuwarsa da ta mahaifinsa. A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci suka danganta da yawan bugu a kai. Ya rasu ranar 2 ga Oktoba, 2022, yana da shekara 86. Wannan ciwo shi ma wani ɓangare ne na lissafin: kamar yadda kambi yake na mutum shi kaɗai, haka illar da ke biyo baya shi da iyalinsa suke ɗauka.

Bayan zamanin Kid Jofre, sashen bai sake fitar da wani mai sunan Eder ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙarfin sashen a jikin mutum ɗaya da danginsa yake. Filin ƙwallo yana nan ko wane ne shugaba, amma ilmin da ke kan mai horarwa yakan tafi tare da shi, sai fa in ya bar magaji.

8.0 Kwatanci da Wata Ƙungiya

Don kada a ɗauka wannan ya keɓanta da Birazil, a duba maƙwabciyarta Ajantina. A ƙungiyar Huracan ta birnin Buenos Aires, wadda ita ma da ƙwallo aka fi saninta, Oscar Bonavena ya koyi dambe. Da aka dakatar da shi daga damben sha'awa saboda ya ciji abokin karawarsa a wasannin nahiyar Amurka na 1963, sai ya tafi New York ya fara sana'a a 1964. Ya kara da Joe Frazier a 1966 da 1968, ya kuma kai Muhammad Ali turmi na goma sha biyar ranar 7 ga Disamba, 1970. Ba da sunan Huracan aka yi ko ɗaya daga cikin waɗannan karawa ba. Bayan an harbe shi a jihar Nevada a 1976, ƙungiyar ta sa sunansa a wani ɓangare na filin ƙwallonta. A nan ma ƙungiya ta yi raino, kasuwa ta ɗauke, daga ƙarshe abin da ya dawo gida shi ne suna.

9.0 Kammalawa

An ga yadda sashen dambe na Sao Paulo ya tsiro a jikin ƙungiyar da ƙwallo ke ciyarwa, ya bunƙasa a hannun Kid Jofre, ya kai ƙololuwa da ɗansa Eder. An kuma ga cewa Adhemar ya kafa tarihinsa yana ɗan sha'awa mai rajista da ƙungiyar, 'yan ƙwallo sun ci kofunansu da sunanta, amma Eder ya ci nasa kambin ne a wata kasuwa da ba ta san ƙungiya ba. A fahimtarmu, wannan ya isa ya bayyana yadda mutum zai zama ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan gida, tambarin gidan kuma bai nuna shi ba.

Akwai darasi a nan ga masu nazarin wasanni a matsayin al'ada. In za a auna amfanin sashen dambe a cikin ƙungiya mai wasanni da yawa, kuskure ne a ƙirga kambin da ke ɗakinta, domin ba a can ake ajiye su ba. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne yawan yaran da suka sami ɗakin horo da malami ba tare da sun biya abin da ya fi ƙarfin iyayensu ba, da kuma tsawon shekarun da ƙungiya ta jure tana ɗaukar nauyin sashen da ba ya kawo mata riba. Da Sao Paulo ba ta riƙe Kid Jofre da gidan horonsa a shekarun 1940 da 1950 ba, da wuya a ce yaron Parque Peruche ya isa Los Angeles a 1960.